Geron Sabuwa a Ƙasar Ƙanƙara

Ranar Talata matata Sabuwa ta rasu a asibiti, bayan sallar azahar. Washegari aka yi ruwan farko a Gumel, ruwa mai nauyi wanda ya ratsa ƙasa. Masu ta'aziyya suka riƙa shigowa da laka a takalmansu, bakinsu yana yi mini gaisuwa, hankalinsu yana gona. Ban ga laifinsu ba. Da ita ce ta je gaisuwar wani a irin wannan rana, haka za ta yi.

Sunana Ɗalha. Labarin ƙasa na koyar a sakandare har na yi ritaya. Na cika wa 'ya'yan mutane kai da duwatsun da ban taɓa hawa ba da tekunan da ban taɓa tsoma ƙafa ba, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai dawo ya ce ilimin ya yi masa amfani ba. Sabuwa kuwa 'yar Ɗanzomo ce. Tana da gonar gado a can, kuma tun da na aure ta damina ba ta taɓa wucewa gonar tana kwance ba. Binne take yi. Wato ta zuba irin gero cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, ta rufe, ta dawo gida ta jira. In ruwa ya zo da ƙarfi ta riga kowa. In ya yi jinkiri, zafi da tsuntsaye su raba irin a tsakaninsu. Na sha gaya mata littattafai ba su goyi bayan wannan kasada ba. Takan ce littattafan su sauko daga kan tebur su yi nasu noman.

Nawa aikin a harkar ɗaya ne. Bayan ruwa ya sauka sai in hau babur in je Ɗanzomo in duba. Kafin in jingine babur ɗin tana bakin ƙofa.

"Malam, ya fito?"

In ce ya fito, ko in ce da saura.

Bana ciwon ƙoda ya kwantar da ita tun kafin bazara. Ƙafafu suka kumbura, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Autarmu Zakiyya, wadda ke aiki a sakatariyar Gagarawa, ta gaji da ganin uwarta tana ƙirga azarar ɗaki, sai ta kawo wata tsohuwar kwamfutarta mai wasa a ciki. Wasan na wata ƙasa ce ta ƙarya can arewa mai sanyi, inda mutane ke yawo da takubba cikin rigunan fata suna kashe juna da dodanni. Na ce wannan shi ne abin da ya rage a ɗora wa mara lafiya.

A farkon wasan mutum yakan ƙera wanda zai zama. Sabuwa ta ƙera tsohuwa mai furfura, ta sa mata sunanta. Aka miƙo mata takobi da gatari da baka ta zaɓa.

"Ba su da fartanya?" ta tambaya.

Zakiyya ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma ta nemo mata a wata kasuwa. Daga nan Sabuwa ba ta yaƙi kowa ba. Tafiya kawai take yi, tana duba ƙasar mutane tana kushewa. Nan laka ta yi yawa. Nan dutse ne, ko akuya ba za ta gode ba. Nan inuwa ta kashe wurin. Har wata safiya ta hau wani tudu, ƙasa ta buɗe a gabanta fara tas, tudu yana bin tudu a hankali, babu itace, iska tana kwasar farin abin tana zuba shi gefe guda.

"Tsaya, Auta," ta ce. "Ga jigawa. Dubi rairayi kamar an tankaɗe. Nan gero zai yi."

Dusar ƙanƙara ce. Zakiyya ta buɗe baki za ta faɗa, na taka mata ƙafa. Na yi rayuwata ina gyara wa mutane kuskure, har liman na taɓa tarewa a bakin masallaci a kan sunan wani kogi. Ranar dai na yi shiru, domin rabona da ganin idon Sabuwa ya yi haske haka tun kafin ciwon.

Ta sayi iri, ta bi tudun layi-layi tana sara tana rufewa. Kowane rami ɗan haske ya tsaya a kansa kamar na ƙwaron damina, alamar irin yana da rai. Ta gama, ta ce yanzu sai jiran ruwa. A wannan yanki na wasan ba a ruwa. Ƙanƙara ce ke sauka a kan ƙanƙara.

Da jiki ya ƙara nauyi har ta kasa zama, ni take sawa in buɗe in duba mata kowace safiya.

"Malam, ya fito?"

"Da saura."

Haka har aka ɗauke ta zuwa asibiti.

Bayan an watse daga zaman makoki, na ga Zakiyya ta naɗe kwamfutar cikin zanen uwarta tana turawa saman kwaba. Na tambaye ta dalili.

"Baba, lokaci ba ya tafiya a ciki sai an buɗe. Hasken nan na kan ramukan raguwa yake yi. In ya mutu, irin ya mutu, ba a dawo da shi. In muka bar shi a rufe, zai zauna yadda Umma ta bar shi har abada."

"Har abada bai fito ba."

"Har abada bai mutu ba."

"Ba za a iya tsirar da shi ba ne?"

"Sai dai a tone a kai kwari inda ake ruwa."

"Ba a tone shukar wani," na ce. "Ita ta zaɓi wurinta."

"To a bar shi. Don Allah, Baba."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ranar Litinin ta koma Gagarawa, na ɗauko kujera na hau na sauko da abin.

Namiji ba shi da takaba. Mace in ta yi rashi akan ba ta watanni ta zauna da baƙin cikinta, ba mai damunta. Ni kuwa tun kafin tabarmin gaisuwa su bushe abokai suka fara kawo mini labarin zawarawa masu hankali. Saboda haka na rufe ƙofar zaure, na sa kwamfutar a kan teburin da nake karatu, na mai da safiya da bayan la'asar lokacin aiki.

Yatsuna sun saba da alli, ba su san maɓallai ba. Tsohuwar da Sabuwa ta ƙera ta yi ta karo da bango, ta faɗa rijiya, ta yi ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure. A hankali na koya mata tafiya. A wani ƙauye na masunta da ke ƙasan tudun na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina karanta abin da suke faɗa, yawancinsa shirme a kan sarakuna da fatalwa. Wata mai sayar da kifi ce ta ce can kudu maso gabas akwai ƙasar da ruwa ke tafasa a cikin rami, kuma duwatsun bakin ramin ba sa hucewa sai an ajiye su a kan ƙanƙara. Mutanen tsauni da su suke narkar da ƙanƙarar ƙofar gidajensu.

Na buɗe taswira. Gonar Sabuwa tana can ƙurya ta sama, ramukan ruwan zafi suna ƙurya ta ƙasa. Wanda ya tsara ƙasar nan bai taɓa zama ajina ba, domin ya cusa yanayi biyar a filin da bai fi tsakanin Gumel da Maigatari ba. Amma zan faɗi gaskiya, ya iya ƙarya.

Daga farin tudun hanya ta gangara bakin teku, inda ƙanƙara ke yawo a kan baƙin ruwa, kowace ɗaya ta kai girman masallacin unguwa. Daga nan ta shiga wata fadama mai ruɓaɓɓen ruwa da matattun itatuwa, farin tururi kwance a kanta ba ka ganin abin da ke gabanka. Ka fita daga wannan sai daji na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, duhu da rana tsaka. Sai wata mashiga tsakanin tsaunuka biyu, iska tana kuka a cikinta. Bayanta fili ne shimfiɗe mai jar ciyawa, giwaye masu gashi suna kiwo ba makiyayi. Na tsaya a nan na daɗe, don shi ne wuri na farko da ya yi kama da gida. Can gaba ganyen itatuwa ya koma ruwan ɗorawa yana zuba a hanya, sannan ƙasa ta tsage, ta yi fari da kore da ruwan ƙwai, tana huci.

Duk waɗannan na taɓa zana su a allo. Ban taɓa sanin cewa mutum yakan ji faɗuwar gaba in ya fito daga duhun daji fili ya buɗe masa ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kyarketai. A mashigar tsaunin suke. Karon farko suka taso su uku, na daddanna maɓallai ba tsari, tsohuwar ta ɗaga fartanya sau ɗaya, suka kayar da ita. Ta faɗi a gefenta, hannu ɗaya a miƙe, sunan Sabuwa rubuce a sama. Wasan ya tashe ta a ƙauyen baya kamar ba a yi komai ba. Ni ne na kasa tashi daga kujera. Na riga na ga wannan faɗuwar sau ɗaya a bana, kuma ban yi niyyar mai da ita abin kallo na kullum ba. Daga ranar na daina gwada jarumta. Na koyi laɓewa bayan dutse, na koyi bin gefen rafi inda ba sa jin ƙanshi, na koyi gudu. Tsohuwa da fartanya ba ta da abin kunya a gudu.

Dutse ɗaya take iya ɗauka. Na ɗauko shi, na sake ratsa duk ƙasashen nan a juye, na iso gonar. Hasken ramukan ya ragu, amma yana nan. Na ajiye dutsen a kusurwar gabas. Ƙanƙara ta narke a kewayensa, kafin in gyara zama sai ga ɗan kore ya huda a layin farko. Na juya da gudu in ɗauko na biyu.

Da na dawo dutsen ya huce, ƙanƙara ta rufe wurin, tsiron ya yi baƙi ya kwanta. Hasken layin gaba ɗaya ya mutu.

Babu yaron da ya tashi a ƙasar nan da bai san wannan ba. Ba rashin ruwa ne ya fi kashe binne ba, ɗan yayyafin da zai tashi irin daga barci ya tafi ya bar shi ne. Na san haka tun ina bin mahaifina gona. Murna ce ta sa na zama yayyafin.

Ran Juma'a Zakiyya ta zo. Ta ga kujera a gindin kwaba, ta ga zanen a ninke a kan gado, ba ta ko ajiye jaka ba ta zo ta tsaya a kaina.

"Ina hasken layin nan?"

"Ya mutu."

"Ka kashe mata layi, Baba."

"Na kashe."

"Da ka bar shi yadda na ce, da duk suna nan."

"Da ajiya take so, a rumbu za ta zuba shi. A ƙasa ta sa."

"Abu ɗaya ne ya rage da hannunta a kai. Kayan sawa an raba, kwanuka an raba. Wannan ma sai ka ƙarar da shi don ka nuna ka iya?"

Rabin maganar gaskiya ce. Da za ta koma ran Lahadi ba ta ɗauki kwamfutar ba, kunyata ta hana ta. Wayar cajin ta zare ta sa a jaka. Ran Litinin na hau a-daidaita zuwa layin masu gyaran waya, na sayo wata.

A makon ne Ilu ya biyo. Ƙanin Sabuwa ne, dillalin shanu, kuma tun ranar ɗaurin aurena da yayarsa bai daina tsokanata ba. Daga kasuwar Maigatari yake, yana warin garke, ya shigo ba sallamar kirki.

"Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Mutane suna gona, Malam yana wasan yara. In kaɗaici ne ka faɗa mana, akwai wata a Sule Tankarkar, haƙoranta ma saura da yawa."

"Ka aure ta, ka huta da cin bashin tuwo a gidajen mutane."

Ya leƙo ta kafaɗata. Ya matso.

"Wannan gonar wa ce? Dubi rairayi. Wallahi nan gero zai yi."

"Ƙanƙara ce."

"Ƙanƙara? To me ya kai mutum shuka a ƙanƙara?"

"Abin da ya sa ka yabe ta yanzu. Gonar Yayarka ce."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Na ba shi labarin duka, har da layin da na kashe. Bai yi dariya ba, wanda a wurin Ilu babban abu ne. Na ce dabarar da ta rage ita ce in tara duwatsun a kan wani falalen dutse nesa da gonar, inda ba za su huce ba, sai sun isa a zuba su gaba ɗaya. Amma da ɗauka ɗaya-ɗaya hasken zai mutu kafin in gama.

"Su mutanen ba su da dabba ne?"

Na kai shi bargar da ke bakin filin giwaye. Ya sa na zagaya kowane doki, yana duba ƙafa da ƙirji, yana tsaki. Farin ya ce na 'yan gayu ne. Baƙin ya ce yana ɓoye ciwo. Ya zaɓi wani guntu mai gashi kamar tunkiya, mummuna.

"Wannan ba zai burge kowa ba, amma ba zai zubar maka da kaya ba. Kamar kai."

Daga baya Zakiyya ta gaya mini duk dawakin wasan ɗaya ne, fata ce kawai ta bambanta. Ban gaya wa Ilu ba.

Da dokin aiki ya yi sauri, amma laɓewa ta yi wuya. Na canza hanya, na bar mashigar kyarketai, na zagaya ta bakin wani tafki mai daskararren ruwa wanda ke ƙara a ƙarƙashin kofato. Hanyar ta fi tsawo, kuma kowane zagaye hasken gonar yana ƙara dushewa. A waje damina ta yi nisa, geron mutane ya kai gwiwa. Na daina zuwa majalisa. Idona ya riƙa ruwa, wuyana ya ƙage. Tarin duwatsun yana girma a kan falalen, yana hayaƙi shi kaɗai cikin farin fili.

Ranar Asabar da na sauke kaya na ƙarshe, hasken ramukan sai ka ƙura ido kake ganinsa. Zakiyya tana gida, tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ba ta yi mini maganar wasan ba tun rigimarmu, ko da ta ga sabuwar wayar caji. Na auna tazarar falalen da gonar, na dubi yatsuna. Kafin in kai na ƙarshe na farko zai huce. Na san iyakata.

"Auta."

Ta zo bakin ƙofa.

"Sun isa. Amma sai an jera su da sauri, kusurwa-kusurwa sannan tsakiya. Hannuna ba zai iya ba."

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, ya mutu yau a gabanmu. In kika rufe kika mayar saman kwaba, ba zan sake hawa kujera ba. Na yi miki alkawari. Ke za ki zaɓa."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar, wadda ke tsaye da fartanya a kafaɗa, iska tana kaɗa mata furfura. Sannan ta goge hannu a zani.

"Matsa, Baba."

Ban taɓa ganin tsohuwar ta yi gudu irin na ranar ba. Ta ɗauka, ta ajiye, ta koma, yatsun yarinyar suna tafiya kamar ba nata ba. Ni ina gefe ina cewa gabas, yamma, ba ta ma saurarena. Ta ajiye na ƙarshe a tsakiya ta ɗauke hannu.

Farin ya fara ja da baya daga kowane dutse, da'ira tana haɗuwa da da'ira, har gonar ta fito fili. Ƙasar da ke ƙarƙashi ja-ja ce mai laushi, irin ta Ɗanzomo bayan ruwa. Ba na cewa Sabuwa ta san haka. Wani yaro ne a wata ƙasa ya zaɓi launin, wataƙila yana hamma.

Muka jira. Hasken ramukan ya ɗauke gaba ɗaya, Zakiyya ta kama hannun rigata. Sai layi na biyu ya huda. Sai na uku. Kore siriri, rami bayan rami, har ƙarshen tudun, ban da layin gabas da ya zauna baƙi. Muka ƙara jira mu ga ko sanyi zai dawo. Duwatsun suka riƙe juna da ɗumi, tsiron ya miƙe ya buɗe ganye biyu.

Zakiyya ta share fuska da gefen mayafi, ta ce bari ta kira Kawu Ilu, ta fita da waya tana neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Na zauna ni kaɗai da gonar. Gadon yana bayana, an ɗaure katifar an jingine ta da bango. Tun bazara ake yi mini tambaya ɗaya a ɗakin nan, kullum amsa ɗaya nake bayarwa, ɗayar kuma tana bakina ban sami ranar faɗinta ba.

Sabuwa, ya fito.